Ranar da Na Sauke Amawali a Belbeji

Shekara ashirin ina koyar da Ingilishi a Tanut, inda ake kiran malamin boko “Mushe”, kuma babu darasin da nake alfahari da shi kamar bambancin “naked” da “bare”. Na ɗauka na ƙure ilimin tsiraici.

Da aka aike ni Belbeji in shawo kan dattawan Abzinawa su bar 'ya'yansu su zarce kwaleji, sai na naɗa rawani irin nasu. Jawabi ya yi armashi, ana ta gyaɗa kai. Da shayi ya iso, na ja amawali har ƙasan haɓa, na kurɓa, na ci gaba da zuba hujjoji.

Ashe a wurinsu buɗe baki gaban manya daidai yake da sauke wando. Babbansu ya kau da ido, ya ce, “Mushe, mun yarda, yara za su tafi. Don Allah ka rufa.”

Yaran sun zo, sun kuma zo da labarin. Har yau in aka kawo shayi ɗakin malamai, sai wani ya ce, “A saki labule, Mushe zai kurɓa.”