Ranar da Nomau ya jiƙa irin gero

A Unguwar Tsamiya akwai wani mutum, Nomau, wanda in ka ce masa zauna, to ka tuna ka dawo ka ce ya tashi. Matarsa ta rasu. Daga shi sai tsohuwarsa Iya Gambo, wadda ido ya mutu mata, sai 'yarsa Ladidi mai shekara shida. Bara fari ya cinye gonarsa. Abin da ke riƙe da gidan shi ne aikin shara da ɗiban ruwa a firamaren garin, a nan ma hedimasta, Malam Isuhu, ya ce in ya yi laifi uku, sai waje.

Wata rana Malama Hurera, mai koya wa ƙananan yara kimiyya da waƙa, ta kafa kara a fili. Yara na tafi suna rerawa: "Inuwa, inuwa, rana ta kore ki gabas." Ta ce, "Nomau, duk sanda inuwar nan ta motsa, sa dutse." Ina ruwan inuwa da hutu! Bawan Allah ya yini durƙushe yana jera tsakuwa, randa ba ko ɗigo, yara suka tashi da kukan ƙishi. Da la'asar aka ɗauke shi jiri ya kayar da shi.

"Ɗaya," in ji hedimasta.

Wata rana kuma darasin abin da ke nutsewa da abin da ke iyo ake yi. Malama ta cika daro da ruwa ta ce wa Nomau, "Kawo duk abin da ka gani mu gwada." Ya kawo ƙwarya, ya kawo ƙusa, ya juye kwalin alli, wanda shi kaɗai ya rage musu a zangon, ya bi da wayar hedimasta.

"Malama, ta nutse," ya ce, yana murna.

"Biyu!" in ji Malam Isuhu. "Nomau, kai da wa aka haɗa ni?"

A gida Iya Gambo ta lalubi hannunsa ta ce, "Ɗan nan, ka rufa mana asiri." Ya ce to, har zuciyarsa.

Wata rana, damina ta kusa, mutanen gari suka haɗa kai suka sayo irin gero buhu uku a wajen wani ɗan kasuwa, aka ajiye a ɗakin makaranta. Malama ta ɗebi ƙwaya goma ta naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ta koya wa yara: "Duk irin da za a shuka, jiƙa shi ka ga tsiro." Nomau na shara yana ji. Duk irin da za a shuka! Yana tashi ya tattaro tsummokaran gidansa, har zanen Iya, ya zazzage buhu ukun, ya yi ta sheƙa musu ruwa.

Kada ka so ka ga garin nan. Maza suka yi masa dukan da ya kasa miƙewa, mutanen da ko ƙwaya ɗaya ba su taɓa gwadawa ba. Hedimasta bai ma ƙirga ba, ƙofa kawai ya nuna masa. Kwana huɗu ba a ɗora tukunya a gidan ba, Ladidi na bin maƙwabta.

Rana ta biyar Malama ta kwance tsummanta: ba tsiro ko ɗaya. Aka duba tulin Nomau, ruɓa kawai yake yi. Wani tsohon manomi, Baba Tunau, ya murza ya shinshina, ya ce, "Mataccen iri aka sayar mana. Da mun zuba shi a ƙasa, sai bayan shuka ta wuce za mu gane." Washegari aka bazu ƙauyuka roƙon iri wajen dangi, tun ruwa bai sauka ba.

Ba wanda ya ba Nomau haƙuri. Hedimasta dai ya aika masa da tsintsiyarsa. Ya zo yana ɗingishi, ya tarar ana sauke sabon iri.

"Malama," ya ce, "wannan ma in jiƙa?"

"Ƙwaya goma, Nomau," in ji ta, idonta ya ciko. "Zo in ƙirga maka da hannuna."