Furannin da Firij Ya Narkar

"...da yarinyar? Ya ƙarin haƙuri?" in ji Kaka, tana daga zaune a kujerar kicin.

"Da godiya, tsohuwa. Ashe kina nan? Ni har na fara cigiyar wata matar mai haƙora."

"Wa za ta kwashe ka, hannu duk baƙin mai? Ni ma tausayi ne ya zaunar da ni."

Bakanike ya yi murmushin da bai kai ciki ba. Tun rasuwar matarsa, zolayar da ke tsakaninsa da kakarsa ta zama lami, ana yi ne kawai don an saba. Ya ajiye gwangwanin biskit a tebur ya buɗe.

Marigayiyar ce ke yi wa 'yarsu kek duk ranar zagayowar haihuwarta, ta ƙawata shi da furannin sukari na hannunta. Na bana ta yi su tun kafin ciwo ya kwantar da ita. Jibi ne ranar, yarinyar kuwa ba ta da magana sai ta furannin Mama. Shi kuma bawan Allah, don tsoron kiyashi, ya jefa gwangwanin a firij, murfin ma bai danne ba. Yanzu babu fure ko ɗaya, sai wani jan ruwa mai danƙo kwance a gindi.

Kaka ta duba ciki.

"Firij! Kai dai an yi sakarai. Sukari ne fa, ba nama ba. Da ka tambaye ni bakinka zai yi ciwo?"

"In tambayi wadda ke ajiye tabaranta a tukunya?"

"Tukunyar dai a bushe take, ja'iri."

Ya mayar da ido kan gwangwanin. "Kaka, me zan ce mata? Abu na ƙarshe da uwarta ta bar mata ke nan, kuma ni na lalata."

"Gaskiya za ka faɗa mata, sannan ka ce ga na Baba. Tashi ka wanke hannun nan, har gwiwa."

Ta sa shi ya tankaɗe garin sukari, ya kaɗa farin ƙwai har kwaɓin ya tsaya a cokali, ta ɗiga jar kala. Ta zuba a leda mai ɗan bakin ƙarfe za ta matsa, hannu ya kama rawa, furen ya fito a kwance.

"Kai, tsohuwa, wannan fure ne ko mota ta taka kwaɗo?"

"Karɓi, gwani, mu ga naka."

Ya matsa a kan takarda mai santsi. Kaka ta leƙa.

"Madalla da kunnen jaki! Sassauta hannu, ba noti kake ɗaurewa ba. Takardar za ka juya, ba wuyanka ba."

Haka suka yi ta yi, tana zaginsa yana ramawa, tana karanta masa dokoki: furannin su kwana a buɗe su bushe, a jera su da takarda tsakani, a rufe gam, a sa a saman kabad, nesa da tururi. Can sai ga wani fure ya fito, ganye kan ganye, ya tsaya cak. Ya ɗago yana jiran baƙar magana, sai ya ga tana share ido da gefen mayafi.

"Ni na koya wa matarka ai," in ji ta. "A ɓoye take zuwa, wai kada ka yi mata dariya. Nata na farko, wallahi, ya fi kunnen jakinka muni."

Dariya ta kufce masa, hawaye na bin ta.

Kaka ma ta dara. "To, na sallama, ka fi ni hannu." Ta zare bakin ƙarfen, ta wanke, ta danƙa masa a tafi. "Tafi da shi. Baɗi ma kai ne."