Rakiyar Zaki Zuwa Mashigi

A wani daji da babban kogi ya ratsa, akwai mashigi guda ɗaya tak, kuma na bareyi ne tun kaka da kakanni. Sai dai shekara saba'in ke nan Zaki na kwance a bakinsa, wai gadi yake musu. Barewa ba ta shan ruwan gidan ubanta sai ta durƙusa ta nemi izini. Abin ya daɗe yana ci wa shugabarsu Inna Tabawa rai.

Da aka gama yaƙin kuraye, Zaki ya dawo yana ɗingishi, haƙora biyu sun zube. Inna Tabawa ta tara jama'a.

"Jama'a, lokaci ya yi! Ya ce in mun taya shi yaƙi zai tashi, mun taya shi, mun binne namu. Kafin in mutu sai na sha ruwan nan a tsaye!"

Fili ya kaure da guɗa. To amma bareyi suna da al'ada: ba a ce wa baƙo tafi. Guzuri ake haɗa masa, a yi masa rakiya. Wanda duk ya taya rakiya kuwa, shi ma ya zama baƙo, sai an ba shi ruwa. Aka haɗa wa Zaki kilishi, kada ku tambaye ni naman wa.

Don kada tsohon ya juyo a hanya, Inna Tabawa ta aika wa Giwa da Ɓauna, manyan da yaƙi ya bari da ƙarfi, waɗanda ba sa ga maciji da juna, su zo su taya rakiya. Kai, sun zo da wuri!

Giwa ta ce, "Inna, 'yancinku ne ya hana ni sukuni. Ku dai yi hankali da mai ƙahon can."

Ɓauna ya ce, "Inna, ni ɗan'uwan talaka ne, ciyawa nake ci kamar ku. Ku dai lura da mai haure."

Aka yi rakiya da kiɗa da tsalle-tsalle. Zaki ya tafi kuwa, yana waiwaye. Wallahi ranar har ni sai da na yi hawaye.

Aka dawo, aka ce baƙi su sha ruwa. Giwa ta shiga ta gabas, Ɓauna ta yamma, suka cika mashigin maƙil. Inna Tabawa ta tsaya a baya, maƙogwaro a bushe, har rana ta take.

"Ranku ya daɗe, ko kun ƙoshi?"

"Tuni," in ji Giwa. "Shi nake jira ya fita."

"Ni ma ita nake jira," in ji Ɓauna. "In ƙishi kike ji, Inna, ki yi magana, ai ba za mu hana ki ba."

Washegari aka ga Inna Tabawa tana tambayar tsofaffi, wai me giwa da ɓauna suka fi so a guzuri.