Kujerar da Ta Bi Ɗan Majalisa

Shekarar da soja suka koma bariki, ina ajin ƙarshe a kwalejin horon malaman sana'a. Aka ce sabon ɗan majalisarmu zai zo, ni zan haɗa kujerarsa. Malam Iro, mai koya mana aikin kafinta, ya ce, "Kada ka ƙara fenti, ba zai bushe ba." Yana ba da baya na ƙara. Wa zai koya mini ƙyalli?

Baƙo ya zauna cikin farar shadda. Da ya miƙe zai yi jawabi, kujera ta bi shi.

Malam ya laƙaba mini Danƙo. Allah ya jiƙansa. 'Yan ajinmu ma duk sun watse, ba mai kirana haka. Sai jiya ina zaune kan bencina a Ƙofar Kaura na ji an ce, "Danƙo?" Har idona ya cika. Sani ne, abokin zamana a aji. Sai da ya shafa bencina kafin ya zauna.