Ranar da Mayafi Ya Manne Mini a Fuska

Ba zan taɓa mantawa da ranar buɗan kaina a Maradun ba, kuma ko da na so in manta, matan garin ba za su bar ni ba. Bari in fara daga fuskar, tunda ita ce ta ja mini komai.

Tun ina ƙaramar sakandare kuraje suka kama ni, irin manyan nan masu zafi. Da suka gaji suka tafi, sai suka bar mini ramuka a kumatu biyu da gefen goshi. (Gaskiya ni ma na taimaka musu, don babu ƙurjin da ya taɓa nuna ban matse shi ba.) Babu abin da ban shafa ba. Na shafa lemun tsami har ya saɓule ni, na shafa zuma ƙudaje suka yi ta bina, na yi kwaɓin kurkum da madara, na yi sabulun salo. Har man goge baki na taɓa kwana da shi a kumatu saboda wata ta rantse mini a makaranta. Daga baya na koma man kemis, shi kuwa ya yi aikinsa tsakani da Allah: fuskar ta yi fari, wuyan ya tsaya baƙi, ramukan suna nan inda suke.

Haka na girma a Talata Mafara, na zama malamar firamare, hoda ta zama abokiyar zamana. Ko shago za ni sai na cike ramukan nan. Da Sanusi ya fara zuwa zance (ɗan Maradun ne, yana sayar da taki da irin shuka), na san kujerar da zan zauna a zaure, wadda hasken ƙofa ba ya kaiwa. Bai taɓa ce mini komai game da fuskata ba, ni kuma na ɗauka dabarata ce take ci.

Da aka sa rana, abu ɗaya ne ya hana ni sukuni, shi ne buɗan kai. Da halin da hanya take ciki yanzu, ba a kai amarya da dare. Da rana tsaka za a kai ni, a zaunar da ni a tsakar gidan su Sanusi, a ɗage mayafi a gaban uwarsa da gwaggonninsa da ƙannensa, kowacce da waya a hannu. Hoda tana rufe tabo, amma ba ta cike rami a cikin rana. Ban so kallon farko da dangin mijina za su yi mini ya zama na mai zanzana ba. Wannan ne kawai abin da nake roƙo, ban roƙi kyau ba.

Sai na ga bidiyon lesa a waya, wata na'ura da take ƙona saman fata da haske don sabuwa ta fito. An nuna wata mata kafin aiki da bayan aiki, kumatunta sumul. Na yi ta kallo har cajina ya ƙare. Saura kamar mako biyu biki na ce wa Inna za ni Sakkwato duba kayan kicin, na wuce wani asibitin fata.

Likitan bai ɓoye mini komai ba, wannan zan ba shi haƙƙinsa. Ya ce zama ɗaya ba ya cike rami, sai an yi ta dawowa ana barin tazara, kuma ko an gama raguwa suke yi, ba ɓacewa ba. Ya ce fata irin tamu tana saurin yin baƙi in an takura mata. Ya ce kada in shiga rana, kada in kusanci zafi, kada in goge fuskar da komai sai ta warke da kanta. Ni kuwa a cikin duk wannan bayani abin da kunnena ya ɗauka shi ne “za ta warke kafin mako biyu”. Na yi lissafi a raina na ga ya yi daidai da biki, na kwanta aka yi. Ƙaurin da na ji yana tashi daga fuskata irin na babbakar kan rago ne, amma na daure, ina hango kaina a tsakar gidan su Sanusi.

Na dawo da fuska ja, ta yi ɗigo-ɗigo a jere. Inna ta dube ni ta ce, “Mi yas samu huskarki kuma?”

Na ce sabon sabulu ne. Ta girgiza kai ta ci gaba da tsintar shinkafarta, don ta saba da ni da sababbin sabulai.

Abin da ban sa a lissafina ba shi ne Hajiya Kulu. Aminiyar Inna ce daga Bakura, mai gyaran amare, kuma tun ina goye ta ce ita za ta gyara ni da hannunta, kyauta. Ta iso da buhunta da kaskonta daidai lokacin da fuskar ta fara ɓambarowa. Ta kama haɓata ta juya ni gabas da yamma.

“Wagga huska datti ya kwanta mata, ɗiyata. Dilka za ta ɗebe shi duka.”

A nan ne ya kamata in buɗe baki. Amma ɗakin cike yake da gwaggonni da ƙawayen Inna, ta yaya zan ce na yi ƙaryar kayan kicin na je wani namiji ya ƙona mini fuska? Na ce a raina dilka ai kayan gargajiya ce, gari ne da kurkum da turare, me za ta yi? Na miƙa fuskar.

Hajiya Kulu ba ta wasa da aiki. Ta murje ni kamar tana wankin tukunyar biki. Hawaye suka zubo mini, na ce, “Hajiya, da zafi.”

“Zahin shi na aikin. Amaren yanzu ba ku da juriya.”

Da ta gama ta zaunar da ni a kan kaskon turare, ta lulluɓe ni da bargo har kai. Ina cikin hayaƙin nan ina jin maganar likita tana dawo mini ɗaya bayan ɗaya, kusan duk abin da ya ce kada in yi, na yi shi a yini guda. Washegari aka sake, don gyaran amarya ba a yin sa sau ɗaya. Kafin ranar ɗaurin aure kumatuna sun kumbura, sun yi duhu, suna tsatsar ruwa. Inna ta ce kambun baka ne, ta sa aka yi mini tofi. Hajiya Kulu ta ce dattin ne yake fita. Ni kaɗai na san gaskiya, ina shiga bayi ina kuka, hawayen ma yana ƙara mini raɗaɗi.

Ranar kai amarya mai kwalliya ta zo, ta ƙare wa fuskar kallo. Sannan ta ce za ta yi iya ƙoƙarinta. Ta yaɓa hoda a kan ɗanyen ciwo, ta ƙara, ta sake ƙarawa, har na ji fuskar ta yi nauyi. Aka rufa mini mayafi mai raga da duwatsu, aka sa ni a mota. Kun san amarya dole ta yi kukan barin gida. Ni ban sha wahalar nemo nawa ba. Tun daga Mafara har Maradun kaina yana sunkuye, na danne mayafin a fuska da hannu biyu, rana tana dukan gilashi, gumi da hawaye da ruwan ciwo suna haɗuwa. Ƙawayen Inna har yabona suke yi, wai yarinya mai son iyayenta. Kafin mu isa komai ya bushe.

Aka zaunar da ni a tabarma a tsakar gida. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi hanya, aka tambayi gajiya, aka ba da amana. Sai Gwaggo Asabe, yayar mahaifin Sanusi, wadda ita ce mai buɗe amaren gidan, ta matso ta yi bisimilla ta kama bakin mayafin. Wata ta fara guɗa. Gwaggo ta ɗaga, mayafin ya taso har haɓa, ya tsaya.

Ta yi dariya ta ce, “Kunya ta isa haka nan, ɗiyata. Saki mana.”

Wata daga gefe ta ce, “Gwaggo, ba ta riƙe ba. Ga hannuwanta nan bisa cinya.”

Gwaggo ta ƙara ja. Na ji kamar fatar za ta bi shi, na yi ƙara ban sani ba. Mai guɗa ta tsaya a tsakiya. Mayafin ya manne a kumatuna biyu, ya ƙi sauka, ya ƙi hawa. Sai da aka kawo ruwan ɗumi a buta, Gwaggo tana jiƙawa tana ɓamɓarowa a hankali, a gaban kowa, hodar tana gangarowa kan leshina. Da ya fita, babu wadda ta ce masha Allah. Na ga wayoyi suna sauka ɗaya bayan ɗaya (ban da guda biyu, Allah ya isa). Zanen ragar mayafin ya fito raɗau a kan kumburin.

Wata tsohuwa ta leƙo ta ce, “Ƙyanda ta?”

Nan take mata suka fara janye 'ya'yansu. Hajiya Kulu, wadda ta rako ni, ta ga idanu sun fara komawa kanta, ta miƙe tsaye.

“Kowa ya san hannuna tun daga Bakura har Jangebe. Ban taɓa ɓata amarya ba. Ke, hwaɗa musu abin da kinka shafa kahin in zo.”

Ba ni da wurin gudu. Da murya kamar ta mai zazzaɓi na ce, “Lesa aka yi mini a Sakkwato.”

Gwaggo Asabe ta ce, “Mi ne ne kuma lesa?”

Ƙanwar Sanusi, mai karatun jinya, ta yi mata bayani cewa wuta ce ake ƙona fuska da ita don tabo ya ragu. Gwaggo ta daɗe tana kallona, butar tana hannunta.

“Ke da ƙahwarki kinka tahi anka ƙone ki?”

Na ce e. Wallahi da ƙasa ta tsage a lokacin da na gode mata.

Bayan 'yan rakiya sun juya don kada yamma ta yi musu a hanya, uwar Sanusi ta shigo ɗakin da aka kai ni. Mace ce mai sanyin magana. Ta zauna a bakin gado ta tambaye ni dalili, ba da faɗa ba. Na ce ban so su gan ni da zanzana ba ne. Sai ta ce:

“Ɗiyata, ai mun san da ita. Ranar da Sanusi ya fara zancenki shi da bakinshi ya hwaɗa muna. Da munka aika a binciko gidanku ma, da ita anka yi muna kwatance. Anka ce gidan su malama mai zanzana, kowa ya sani.”

Ta faɗa ne don ta kwantar mini da hankali, na sani. Amma a duk abin da ya faru a yinin nan, babu abin da ya karya ni kamar wannan. Ashe shekarun da na yi ina ɓoyewa, ni kaɗai ce nake zaton a ɓoye take. Na kifa kai na yi kukan da ya fi na mota.

Ciwon ya warke bayan an sha magani, amma ya bar mini baƙaƙen shaci a kumatu biyu. Da na koma wurin likitan ya ji labarin dilka da kasko, sai da ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce baƙin zai iya disashewa a hankali, wata da watanni, kuma ba za a sake taɓa ramukan ba sai ya tafi. Har yau bai gama tafiya ba. Ramukan kuwa ko ɗaya bai cike ba. Ba ni da hoton biki ko guda da zan iya nuna wa 'ya'yana, Hajiya Kulu kuma ta daina amsa gaisuwar Inna. Sanusi bai taɓa tayar da maganar ba, sai dai in ya ga na daɗe a gaban madubi ya tashi ya fita, ban san ko tausayi ba ne ko gajiya.

Darasin da na koya ba mai daɗi ba ne, amma ga shi. In likita yana magana, a saurare shi har ƙarshe, kuma in an ƙona miki fuska ki faɗa wa mai dilka ko da ɗakin cike yake da gwaggonni. Sannan kafin ki tashi gyara abin da kike jin kunyarsa, ki fara tambaya ko akwai wanda bai riga ya gani ba. Ni da na tambaya, da da tabo iri ɗaya zan shiga Maradun, yanzu kuwa biyu nake da su.