Guɗar da Na Yi Kafin Rediyo Ta Yi Magana

Ina tsakiyar guɗa ƙofar gidan Hajiya Ladi, makaɗi na biye da ni, sai na ga mata sun yi tsit, sun kewaye rediyo. Ba zan taɓa mantawa da ranar nan ba.

Ni ce shugabar matan jam'iyyar gwamnati a unguwarmu, nan Dogarawa. Zagayen farko na zaɓen shugaban ƙasa mutuminmu ya zo na ɗaya, sai na ɗauka an gama. Wa ya taɓa ganin takarda ta sauke masu mulki? Mu soja munka sani yana saukewa. Da hannuna na raba zanen jam'iyya gida-gida, mata sunka ɗaura, sunka ce, "Inna, muna tare." Har cikin kasuwa na rantse, in munka faɗi kada wanda ya ƙara ce mini shugaba.

Ran sakamakon zagaye na biyu ban jira ba. Na kira Ɗan Baba makaɗi, munka nufi gidan Hajiya Ladi, uwar masu cewa canji, don in ci mata fuska. (Lokacin ko sunana ban iya rubutawa ba, amma baki akwai.)

Mai rediyo ya gama faransanci, ya juyo Hausa. Ya faɗi suna. Ba namu ba ne.

Gidan ya ɗauki ihu. Ɗan Baba, mutumin da ni na kawo, ko kallona bai yi ba, ya juya mini baya ya ci gaba da kiɗa. Masu rawar kuwa rabinsu zanena ne a ƙugunsu, hoton mutuminmu na girgiza a mazaunansu. Har da Rabi, matar ɗana.

"Ke Rabi, har da ke?"

Ta durƙusa da ladabinta. "Inna, lakwal a rufe yara ba karatu, likita babu ko ƙwaya ɗaya, mun gaji. Zanen dai mun gode, yana da kyau."

Wallahi abin da na ji ba kunya kaɗai ba ce. Matan nan da nike gani ba su san komi ba, wata guda suna gaishe ni suna dariya, ashe kowace ta shiga bayan labule ita da Allahnta ta kada manya. Ko ɗaya ba ta yi subul da baka ba! Tun ranar na bar auna zuciyar mace da abin da ta ɗaura.

Hajiya Ladi ta ce, "A ba baƙuwa ruwa, ta sha rana."

Na sha. Na zagaya bayan rumbu, na juya zanena ciki-waje, na bi ta bayan gari.