Yadda Za Ka Kwashe Wata Uku Kana Zaɓen Edita Ba Ka Rubuta Layi Ɗaya Ba

Kai da ka ɗauko koyon gina shafin intanet, matso kusa. In ka bi matakan nan daki-daki, na yi maka alkawari za ka cika wata uku cur ana kiranka Injiniya, ba tare da yatsanka ya rubuta layi ko ɗaya ba. Ba daga kaina na ƙago su ba. Shekara talatin da biyu ina koyarwa, na ga ragwanci kala-kala, amma wanda ya mayar da shi fannin ilimi a gidan autata na same shi, wato mijinta. Ba na kama sunan suruki, mu bar shi a Injiniyan.

Autata tela ce. Shugabar wata sabuwar makaranta tana neman mai ɗinka kayan ɗalibai, ta ce duk mai so ya turo mata shafin da ke nuna aikinsa kafin Juma'ar ƙarshen zango. Injiniya ya bugi ƙirji ya ce a bar masa. Daga nan karatunmu ya fara.

Mataki na 1: Raina abin da ke gabanka

Edita ita ce manhajar da ake rubuta shafin a cikinta, ba wani abu ba. Kwamfutarka ta zo da wata 'yar fara mai kama da fallen takarda, kuma ta isa ɗan koyo. Kada ka bari wannan magana ta fita. In an nuna maka ita, yatsine fuska ka ce, "Wannan ai ta rubuta sunayen cefane ce."

Mataki na 2: Nemi shawarar mutum goma

An ce yawan shawara na kawo haske. Ni dai na zauna a taron malamai fiye da ɗari, ban taɓa ganin wanda aka tashi da haske ba. Tambayi abokin ofis, tambayi mai gyaran waya, ka kalli bidiyo bakwai na masu ɗaga murya. Kowa zai rantse tasa ce uwar editoci, saura duk tarkace. Rubuta sunayen a takarda, ka ja layi da rula. Sati biyu sun tafi ke nan, cikin mutunci.

Mataki na 3: Sauke su duka, ka zaɓi baƙin allo

Wannan ba abin wasa ba ne. Farin allo na masu rubuta wasiƙa ne. Baƙi mai rubutu kore da ruwan goro shi ke sa mai wucewa ta bayanka ya rage murya. Na leƙa ɗakin ran nan, na tarar da Injiniya ya harɗe a kan kujerar roba, fanka na kaɗawa, shayi ya huce a gefe.

"Sannu da aiki. Ina shafin?"

"Mama, ai ana kan shimfiɗa tushe ne."

"To, Allah ya sa a ga gini."

Tushen, da na sa tabarau, zaɓen launi ne tsakanin baƙi da baƙi-ƙirin.

Mataki na 4: Yi wa editar kayan ɗaki

Akwai ƙananan kayan ƙari da ake liƙa mata: mai ƙarasa maka kalma, mai daidaita layi, mai sa wa fayil ɗan hoto. Liƙa arba'in. In kwamfutar ta fara nishi, madalla, ka samu dalilin komawa mataki na biyu.

In matarka ta tambaya, amsa da kalmar da ba ta sani ba. Sai dai ka kula, wannan dabara tana da wa'adi. Ta Injiniya ta ƙare ranar Alhamis da la'asar.

"Injiniya, gobe ce Juma'ar fa."

"Na sani. Saura in tantance tsakanin guda biyu."

"Wata uku kana tantancewa, ko mata za ka aura? Tashi min."

Mataki na 5: In an karɓe kujerar, tsaya a baya kana gyara

Autata ta buɗe 'yar farar nan da aka raina, ta ɗauko littafin koyo da ya saya bai ɓare ledarsa ba, tana dubawa tana bugawa da yatsa biyu. Kafin rana ta faɗi ga sunan shago, ga hotunan riguna shida, ga 'yan layukan talla, ga lambar waya. Kai a nan aikinka shi ne tsaki a hankali, da cewa, "A waccan editar da tuni ta ƙarasa miki wannan da kanta."

Mataki na 6: Jira ranarka, za ta zo

Ta zo kuwa. Da aka buɗe shafin a burauza, wato manhajar da ake kallon shafi da ita, duk harafi mai ƙugiya ya rikiɗe. Inda aka sa ƙ ko ɗ ko ɓ, sai wasu alamomi kamar sawun kaza. Maganin layi ɗaya ne da ake sawa a saman shafi, mai gaya wa burauza irin haruffan da aka yi rubutun da su. Yana cikin littafin, daga baya muka gani. Kai kada ka duba. Miƙe ka ce, "Kin gani? Matsa, aikin masana ya zo."

Sai ka bi shafin kaf ka cire ƙugiyoyin. Ai kowa zai gane, in ji ka.

Mataki na 7: Tura ba tare da ka karanta ba

Da hantsin Juma'a waya ta yi ƙara. Shugabar ce, kuma ashe kafin ta hau kujera malamar Hausa ce.

"Baiwar Allah, na ga shafinku. Kun ce 'ba ma bata yadi'. Wace ce ba kwa ba wa, kuma me ta yi muku?"

"Ranki ya daɗe, ɓata muke nufi, ɓarna..."

"Sai kuma 'mun kware wajen siket din 'yan mata'. Ni 'ya'yan mutane aka ba ni amana. Rufe su nake so a yi, ba kwarewa ba."

Autata ba ta tsaya bayani ba. Ta cusa samfura a jaka ta tafi makarantar da ƙafarta. Shugabar ta juya ɗinki ciki da waje, ta ja maɓalli ta ga bai tsinke ba, ta ba ta wanduna da siket. Riguna kuwa, rabin aikin ke nan, sun riga sun tafi wurin wani tela mai shafi fari fat, rubutu layi biyar, kowane harafi da ƙugiyarsa.

Sanarwa

Ni bayani na yi, ban aiki kowa ba. Duk wanda ya bi matakan nan har matarsa ta rasa rabin aiki, ta kuma yanke hukuncin cewa hannun da ya iya cire ƙugiya zai iya ɗinka ta, kada ya nemo ni. Injiniya yana shago yanzu haka, kan benci, da allura da zare, yana sa wa siket ɗari biyu ƙugiyar ƙugu ɗaya bayan ɗaya. Allura iri uku ce a gwangwanin. Autata ta ce ba a ba shi zaɓi ba.